Abin da Ya Faru Ran 24 ga Watan Mayu

Waɗanda suka yi makaranta a zamanin Turawa ba za su manta da ran 24 ga watan Mayu ba. Tun da sauran mako guda malamai su kan fara koya wa yara maci. Ran nan kuwa kowa ya wanke rigarsa, a jeru a fili, a ta da tuta, Razdan ko Di'o ya yi jawabi, sa'an nan a shiga tsere da tsalle da jan igiya har rana ta yi sanyi. Ranar Empaya ke nan. Amma da za ka tare yaro ɗaya cikin masu macin nan ka tambaye shi dalilin da ya sa aka zaɓi wannan rana, ba wata ba, da wuya ya ba ka amsa. A darasin wannan wata muna so mu ɗauki ranar nan guda, mu bi sawunta cikin tarihi, mu ga abin da Allah ya yarda ya auku a cikinta.

Dalilin bikin dai shi ne, ran 24 ga Mayu 1819 aka haifi Sarauniya Biktoriya a gidan sarauta na Kensington cikin Landan. Ta hau gadon sarauta a 1837 tana da shekara 18, ta yi shekara 63 tana mulki, ta rasu cikin Janairu 1901. A zamaninta ne Ikko ta shiga hannun Ingila, a 1861, a zamaninta kuma aka ta da tutar Ingila a Lokoja ran 1 ga Janairu 1900, aka ce ƙasar Arewa ta shiga ƙarƙashin sarautarta. Jiragen ruwan da suka yi ta farautar masu fataucin bayi da sunanta suka yi aiki, bindigogin da suka ci ƙasashen mutane ma da sunanta aka harba su. Duka biyu gaskiya ne, kada mu ɗauki ɗaya mu bar ɗaya.

Akwai wani ɗan labari da ya shafe mu. Cikin Nuwamba 1851 aka kai Samuel Ajayi Crowther fadar Windsor. Shi ne Bayaraben nan da aka kama bawa yana yaro, jirgin Ingila ya ƙwato shi a teku, daga baya ya zama bishop a 1864. Yana cikin nuna wa mijin Sarauniya garuruwan ƙasar Yarabawa a kan taswira, sai wata mace ta shigo ta tsaya tana ji, tana tambaya. Bai san ko wace ce ba sai da ya ji yadda wani babban bafade ya ke yi mata magana. Kafin ya fita aka roƙe shi ya faɗi Addu'ar Ubangiji da Yarabanci, ya faɗa, Sarauniya tana saurare.

Yau ina Ranar Empaya? A 1958 aka sake mata suna, daga baya aka ɗauke ta daga watan Mayu ɗungum aka kai ta Maris. Daular da a ke yi wa maci ta watse. 'Ya'yanmu ba su ma san an taɓa yin irin wannan biki ba. To, sai mu duba sauran abubuwan da ranar ta ɗauko, waɗanda ba a yi musu ganga ba.

Amma kafin nan bari mu yi wata 'yar togaciya, domin kada wani ya ɗauka ranar tana da wani asiri ko sa'a. Sunan rana aikin mutane ne. Tsohon lissafin kwanaki na Turai ya yi ta zamewa kaɗan kaɗan, har a 1582 Paparoma Gregori ya sa aka tsallake kwana 10 domin a gyara. Ingila ba ta yarda ta bi ba sai a 1752, inda mutane suka kwanta ran 2 ga Satumba, gari ya waye musu ran 14. Saboda haka abin da mutumin Landan ya kira 24 ga Mayu a 1738, mutumin Faransa 4 ga Yuni ya ke ce masa. Haka kuma a ƙasar Bulgeriya, ran 24 ga Mayu su ke yin babban bikin tunawa da wa da ƙane, Metodiyus da Siril, mutanen Tasalonika, garin nan da Bulus ya rubuta wa wasiƙa biyu. A shekara ta 863 aka aike su ƙasar Morabiya, suka ƙago wa mutanen haruffa, suka juya musu Bishara cikin harshensu, ko da ya ke waɗansu malamai sun tasam musu suna cewa ba ya halatta a yi sujada sai da Ibrananci ko Helenanci ko Latin. A tsohon lissafi ranar bikinsu 11 ga Mayu ce. Gyaran kalanda ne ya kawo ta 24. Ku duba Romawa 14:5-6 ku ga yadda Bulus ya warware zancen ɗaukaka wata rana bisa wata. Mu dai ranar nan igiya ce kawai da mu ke ɗaure labarai da ita don kada su watse.

Ran 24 ga Mayu 1543 wani tsoho mai shekara 70 ya mutu a Frombork, wani ɗan gari a bakin teku a ƙasar Folan. Sunansa Nikolas Kofanikus. Ma'aikacin babbar majami'ar garin ne, yana lura da gonakinta da kuɗinta, yana kuma yi wa marasa lafiya magani. Da dare kuwa sai ya hau bisa ya yi ta duban taurari da ido, gama a lokacin ba a ƙago madubin hangen nesa ba tukuna. Dukan masanan zamaninsa sun tsaya a kan cewa duniya tana zaune wuri ɗaya, rana da taurari ne su ke kewaya ta. Shi kuwa lissafinsa ya nuna masa ba haka ba ne: duniya ce ta ke juyawa sau ɗaya kowace rana, ta ke kuma kewaya rana sau ɗaya kowace shekara. Ya rubuta littafi a kan haka, ya ajiye shi shekaru da yawa don gudun ba'a.

Wanda ya sa ya fito da shi wani saurayi ne, Retikus, malamin lissafi daga Wittenberg, garin Martin Luther. Ku lura fa, Kofanikus ɗan ekklesiyar Roma ne, saurayin kuwa na wajen Luther, a lokacin da wutar gaba tsakanin sassan nan biyu ta ke ci sosai. Duk da haka a 1539 yaron ya yi doguwar tafiya, ya zauna wajen tsohon wajen shekara biyu, ya yi ta lallashinsa har ya saki littafin aka kai Nuremberg aka buga. Kafin a gama bugawa ciwon shanyewar jiki ya kama Kofanikus. Abokinsa, wani bishop, ya ba da labari cewa sai a ranar mutuwarsa ne ya ga littafin cikakke.

Dole mu faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta da daɗi. Manyan ekklesiya da yawa, na Roma da na Furotesta, sun ƙi maganar nan, suna kafa hujja da Joshuwa sura 10, inda aka umarci rana ta tsaya. A 1616 Roma ta sa littafin cikin waɗanda aka hana karantawa sai an gyara. Sun yi zaton suna tsaron Littafi Mai Tsarki ne, ashe fahimtarsu su ke tsaro. Mu ma yau, da mun san duniya ce ke juyawa, ai ba mu daina cewa rana ta fito, rana ta faɗi ba, ba wanda kuwa ya ce mun yi ƙarya. Allah ya yi magana da mutane da irin bakin da su ke ji.

Mu tsallake shekara 301, mu haye teku zuwa Amurka. Ran 24 ga Mayu 1844 Samuel Morse ya zauna cikin wani ɗaki a ginin majalisar ƙasar a Washinton, gabansa da wani ɗan ƙarfe da a ke dannawa da yatsa. An ja waya daga nan har Baltimo, tafiyar wajen mil 40, inda abokin aikinsa Alfred Vail ya ke jira. Morse ɗan fasto ne, sana'arsa ta fari kuwa zanen hotunan mutane. A 1825 yana Washinton yana zanen wani babban mutum, matarsa ta mutu a gida. Kafin wasiƙa ta same shi ya koma, har an binne ta. Shekaru bayan haka ya duƙufa neman hanyar aika magana da wutar lantarki, ya sha talauci da dariyar mutane, sai a 1843 majalisa ta ba shi dala 30,000 ya gwada. Dabarar ita ce, kowane harafi yana da nasa bugu, gajere da dogo, wanda ya ke can ƙarshen waya ya karanta.

Wata yarinya, Annie Ellsworth, ita aka ba zaɓen maganar da za a fara aikawa. Ta zaɓo ƙarshen aya ta 23 cikin sura 23 ta Littafin Lissafi, wanda sabuwar fassara ke kira Littafin Ƙidaya. Ba za mu rubuta muku ita a nan ba. Kowa ya buɗe Littafinsa ya gani da idonsa. Magana ce ta mamakin abin da Allah ya aikata. Abin lura shi ne bakin da ta fito: na Bal'amu ne, mutumin da Balak sarkin Mowab ya yi ijara da shi don ya la'anta Isra'ila, ya buɗe baki albarka ta yi ta fita. Nan take maganar ta isa Baltimo, Vail ya komo da ita. A 1866 waya ta ratsa ƙarƙashin teku ta haɗa Amurka da Turai sosai, daga bisani ta iso har ƙasarmu, shi ya sa mu ke da gidan waya. Tangarahun kansa ya zama tsohon yayi yanzu, amma dukan wayoyin da ke aljihunmu jikokinsa ne.

Sai dai mutumin nan da ya aika da ayar Littafi Mai Tsarki ta waya, shi ne kuma ya yi rubutu yana kāre bautar da bayi, yana cewa tsarin Allah ne. Wani ɗan ƙasarsu, William Lloyd Garrison, ya ga abin dabam. Tun daga 1831 ya yi ta buga jarida yana cewa a saki bayi yanzu yanzu, ba sannu sannu ba. A 1835 taron 'yan iska suka ɗaure shi da igiya suka ja shi a titin Boston, da ƙyar ya tsira. Bai rufe jaridar ba sai a ƙarshen 1865, da aka hana bauta a Amurka duka. Ya mutu ran 24 ga Mayu 1879. Littafi ɗaya su biyun suka karanta.

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muka ɗauki wannan rana. Ya faru ne a wani ɗan ɗaki, da dare, ba jarida ko ɗaya da ta ba da labarinsa washegari.

Yohanna Wesley ɗan fasto ne, an haife shi a Epworth ta Ingila a 1703. Uwarsa Susanna ta rene shi da horo mai tsanani da karatun Littafi. Yana ɗan shekara 5 gidansu ya kama wuta, aka fizgo shi ta taga kafin rufin ya rubza. Ya yi karatu a Oksfod, aka naɗa shi fasto a 1728. A can shi da ƙanensa Charles da waɗansu abokai suka kafa wata ƙungiya: su tashi da asuba su yi addu'a, su yi azumi Laraba da Jumma'a, su ci Jibin Ubangiji kowane mako, su ziyarci 'yan kurkuku, su ciyar da matalauta. Saboda yawan tsarinsu ɗalibai suka laƙaba musu suna Metodis don ba'a. A 1735 ya bar jin daɗin Oksfod ya shiga jirgi zuwa Jojiya ta Amurka domin ya kai bishara ga 'yan asalin ƙasar. 'Yan'uwa, in da irin wannan mutum yana cikin ekklesiyarmu, wane ne zai yi shakkar cetonsa? Da shi za mu sa a gaba, mu ce wa 'ya'yanmu su yi koyi da shi.

Shi kaɗai ne ya san abin da ke cikinsa, teku kuwa ta tona. Cikin Janairu 1736 hadiri mai tsanani ya auka wa jirgin, ruwa ya kwararo ciki, babban filafilan jirgin ya kece. Ingilishi suka yi ta kururuwa. Amma akwai waɗansu masu bi 26 cikin jirgin da a ke kira Morabiyawa, gama asalin ekklesiyarsu daga ƙasar nan ta Morabiya ne, ko da ya ke tsanani ya kore su zuwa Jamus. Suna cikin waƙa hadirin ya zo, ba su kuwa yanke waƙar ba, har matansu da 'ya'yansu. Wesley ya ga shi fasto yana tsoron mutuwa, waɗannan talakawa ba su ji.

Da suka sauka ya nemi shawara wurin shugabansu, Spangenberg. Maimakon shawara sai ya sha tambaya. Mutumin ya tambaye shi ko Ruhun Allah yana shaida tare da ruhunsa cewa shi ɗan Allah ne, kamar yadda ya ke a Romawa 8:16. Wesley ya rasa ta cewa. Ya sake tambayarsa ko ya san Yesu Kristi. Ya amsa ya san shi ne Mai Ceton duniya. Spangenberg ya ce wannan gaskiya ne, amma ya san ya cece shi, shi kansa? Wesley ya ce yana sa zuciya. Da aka matsa masa ya ce i, ya sani, amma daga baya ya rubuta cewa yana jin tsoro maganar fatar baki ce kawai. Wannan amsa ta fari, cewa Yesu Mai Ceton duniya ne, ita ce amsar da kowane ɗan ajin baftisma ya iya. Daidai ce, ba kuskure a cikinta. Amma mutum yana iya sanin akwai rijiya a gari, ya san zurfinta da wanda ya haƙa ta, ƙishirwa kuwa tana kashe shi.

Aikinsa a Jojiya bai yi kyau ba. Bai sami zuwa wurin mutanen da ya zo dominsu ba, Turawan garin kuma suka gaji da tsananinsa. Ya so wata budurwa, ya yi ta jinkiri har ta auri wani, daga baya ya hana ta Jibin Ubangiji, danginta suka kai shi ƙara. Cikin Disamba 1737 ya bar garin da dare. A hanyar komawa ya rubuta cewa ya je juyo da waɗansu, amma shi wa zai juyo da shi?

A Landan ya gamu da wani saurayi Bamorabiye, Peter Böhler, mai shekara 25. Saurayin ya nuna masa daga cikin Littafi cewa ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, wanda ya karɓa kuwa yana iya sani ya karɓa. Wesley ya yi gardama, ya koma ya bincika Ayyukan Manzanni, ya tarar yawancin waɗanda suka tuba a ciki nan da nan ne abin ya same su. Sai ya ce to, ya kamata ya bar wa'azi ke nan, tun da ba shi da abin da ya ke wa'azinsa. Böhler ya hana shi, ya ce ya yi ta wa'azin bangaskiya har ya same ta. A farkon Mayu Böhler ya tashi zuwa Amurka, ya bar shi cikin nauyin zuciya. Ran Lahadi 21 ga Mayu, ranar Fentikos, Charles yana kwance da ciwon haƙarƙari a gidan wani maƙerin tagulla, ya sami salama. Wan kuwa shiru.

Laraba 24 ga Mayu 1738, wajen ƙarfe 5 na asuba, ya buɗe Sabon Alkawari, idonsa ya faɗa kan 2 Bitrus 1:4, zancen manyan alkawarai. Zai fita ya sake buɗewa, ya sami Markus 12:34, inda Ubangiji ya gaya wa wani malamin Attaura cewa ya yi kusa da Mulki. A nan sai mu ja kunne kaɗan. Wesley yana da halin buɗe Littafi haka kawai don neman ishara, har ya kan jefa ƙuri'a, ya kuwa jefa a kan zancen budurwar nan ta Jojiya. Ba mu ce a yi koyi da shi a wannan ba. Littafi Mai Tsarki ba abin duba ba ne kamar bugun ƙasa. Allah ya ji tausayin bawansa ne kawai cikin rashin ƙarfinsa. Da la'asar aka kira shi babbar majami'ar Bulus, mawaƙa suka rera Zabura 130, kukan mai kira daga cikin zurfi, mai jiran Ubangiji kamar yadda mai tsaro ke jiran asuba.

Da dare ya tafi wani ɗan taron addu'a a titin Aldersgate. Shi da kansa ya ce ba da son ransa ya tafi ba. Ya tarar wani yana karanta gabatarwar da Luther ya rubuta wa Wasiƙa zuwa ga Romawa tun 1522, shekara 216 ke nan. Luther ya bayyana a ciki cewa bangaskiya ba tunani ba ce da mutum ya ke ƙago wa kansa, aikin Allah ne cikin mutum, mai sāke zuciya, mai rai, wadda ba ta iya zama ba ta haifi ayyukan kirki ba, kamar yadda ba a raba wuta da zafinta. Wajen ƙarfe 9 saura kwata, ana cikin karatun nan, Wesley ya ji wani irin ɗumi ya shiga zuciyarsa wanda bai saba ji ba. Mutane da yawa a nan su ke tsayawa, kamar ɗumin ne labarin. A'a. Abin da ya biyo baya shi ne labarin: ya tarar ya dogara ga Kristi kaɗai domin ceto, aka kuma ba shi tabbaci cewa zunubansa, nasa na kansa, an ɗauke su. Tambayar Spangenberg ta sami amsa bayan shekara biyu da 'yan watanni.

Abu na fari da ya yi shi ne addu'a da dukan ƙarfinsa domin waɗanda suka wulakanta shi. Sa'an nan ya tashi ya shaida wa waɗanda ke wurin. Wajen ƙarfe 10 abokai suka raka shi wurin Charles, suka yi waƙa tare, suka yi addu'a, suka rabu.

Kada mai karatu ya yi zaton daga nan wahala ta ƙare. Tun bai bar ɗakin ba tunani ya zo masa cewa wannan ba bangaskiya ba ce, in ita ce ina farin cikin? Da ya koma gida gwaji ya taso masa sau da sau, ya yi ta kuka ga Allah. Abin da ya koya a daren shi ne, salama da nasara bisa zunubi suna tafe tare da bangaskiya, amma zumuɗin murna Allah ya kan ba wani, ya hana wani, yadda ya ga dama. Cikin Janairu 1739 ma ya sake rubuta maganganu masu zafi a kan kansa. Muna faɗin wannan domin 'yan'uwa da su kan damu in sun ji shaidar waɗansu, su ce su ba su taɓa jin kome a jikinsu ba, ko kuwa sun ji dā amma yanzu ya tafi. Tabbaci yana tsaye bisa alkawarin Allah ne, ba bisa zafin jiki ba.

Da ya tsufa ya koma ya karanta abin da ya rubuta lokacin da ya dawo daga Jojiya, inda ya ce shi bai taɓa juyowa ba, sai ya ƙara ɗan gyara a ƙasa. Ya ce a lokacin ma yana da bangaskiya, amma irin ta bara ce, ba ta ɗa ba. Wannan bambanci kowane mutumin ƙasarmu ya san shi. Bara da ɗa suna iya kwana gida ɗaya, su yi noma gona ɗaya, su ci tuwo ƙwarya ɗaya, har baran ya fi ɗan ƙwazo. Amma bara kullum yana duban fuskar maigida, yana lissafi ko aikin yau ya isa, ya san ran da ya yi babban laifi sai ya ɗaure kayansa. Ɗa in ya yi laifi a yi masa horo, ya yi kuka, da dare ya shiga ɗakinsa ya kwanta, gama gidan ubansa ne. A karanta Galatiyawa 4:1-7 da Luka 15:25-32 a gwada. Babban ɗan nan na cikin misalin Ubangiji, ɗa ne, amma da bakin bara ya yi magana da ubansa, yana ƙirga shekarun da ya yi yana bauta. Muna jin tsoro akwai irinsa da yawa a kujerun majami'unmu, masu baiko da zakka da zuwa sujada ba fashi, har da dattawa da masu wa'azi, waɗanda in aka tambaye su ko an gafarta musu, sai su ce sai dai ran ƙarshe a gani. Wesley bai ce irin waɗannan batattu ne ba. Ya ce kada a karya musu zuciya, amma a gaya musu akwai abin da ya fi, su yi ta roƙo har su samu.

Azuminsa da tashinsa da asuba da ziyarar kurkuku bai bar ko ɗaya ba bayan daren nan. Dalilin yinsu ne ya sāke. Da majami'u suka yi ta rufe masa ƙofa, abokinsa George Whitefield ya kira shi Biristol, ran 2 ga Afrilu 1739 ya tsaya a fili ya yi wa mutum wajen 3,000 wa'azi, abin da dā ya ke gani kamar zunubi ne. Daga nan ya shiga yawo bisa doki shekara 50 da ɗoriya, wurin masu haƙar kwal da masaƙa da waɗanda ba su taɓa taka majami'a ba. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil wajen 250,000, ya yi wa'azi wajen sau 40,000. A 1742, garin neman biyan bashin ɗakin sujada a Biristol, aka raba masu bi goma sha biyu goma sha biyu, kowane rukuni da shugabansa mai karɓar kobo ɗaya a mako. Ba da jimawa ba aka ga shugaban nan ya fi amfani wajen sanin lafiyar ruhun mutanensa, sai rukunan suka zama wurin da kowa zai faɗi yadda ya ke tafiya da Ubangiji, a tsauta wa juna, a ƙarfafa juna.

Ya mutu ran 2 ga Maris 1791 yana da shekara 87. A kwanakinsa na ƙarshe yana karanta littafin Olaudah Equiano, wanda ya ba da labarin yadda aka sace shi daga ƙasar Ibo yana yaro aka sayar. Kwana 6 kafin mutuwarsa ya rubuta wa William Wilberforce wasiƙa yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. A 1807 majalisar Ingila ta hana cinikin. Cikin Satumba 1842 kuma Thomas Birch Freeman, mai bishara na Metodis, wanda ubansa baƙar fata ne uwarsa Baturiya, ya sauka Badagri, gama 'yantattun bayi da suka komo daga Saliyo sun aika suna roƙon a zo a koya musu.

Ɗakin nan na Aldersgate ya daɗe da rushewa. A 1981 aka kafa wani abin tunawa na tagulla kusa da wurin, mai siffar harshen wuta, aka zana labarin ranar a jikinsa. Wesley ya rubuta sunan titin, da ranar, da sa'ar har da kwatarta. Sunan mutumin da ya yi karatun ne bai rubuta ba. Cewa kawai ya yi, wani yana karatu.